Alƙaluman Italiya da Ke Kwance a Gidajenmu da Yadda Ake Gane Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan alƙaluma masu shan tawada ƙirar ƙasar Italiya, waɗanda wasu daga cikinsu ke kwance a durowoyi da akwatunan gidajenmu a nan Kebbi da maƙwabciyarmu Zamfara ba tare da masu su sun san abin da ke hannunsu ba. Na daɗe ina tara irin waɗannan alƙaluma gwargwadon ƙarfin aljihuna, da su nake rubutuna na yau da kullum, kuma abin da ya sa na rubuto muku shi ne na ga rashin sanin su ya fara taɓa haƙƙin mutane, musamman wajen rabon gado da wajen saye da sayarwa.

Mai karatu zai iya tambaya ta ina kayan alfarma na Italiya suka biyo har suka iso Birnin Kebbi ko Gusau. Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, wadda tafkinta ya miƙo har ƙasar Yawuri, kuma kamfanin Impresit, shi ma na Italiya, shi ya gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara daga 1974 zuwa 1978. Injiniyoyinsu sun zauna cikinmu shekaru, sun yi hulɗa da ma'aikatan gwamnati da masu sarauta da 'yan kwangila, a zamanin da alƙalami ke cikin kyautar da ake yi wa mutum mai daraja. Ban da wannan, akwai iyayenmu da suka je kwas ƙasashen Turai, da alhazai da 'yan kasuwa masu sayayya a Jidda da Dubai, da kyaututtukan da ake yi wa manyan ma'aikata ranar ajiye aiki, sannan ga kayan gwanjo da ke shigowa daga Kwatano ta iyakokinmu, inda wani lokaci akan tarar da alƙalami a aljihun tsohuwar jaka ko kwat.

A wani rabon gado da aka kira ni in zauna a matsayin maƙwabci, an zazzage durowar teburin marigayin a kan tabarma, aka ware agogo da tabarau da takardun filaye, aka tura sauran tarkacen gefe guda domin yara su kwashe. A cikin tarkacen nan, tsakanin matattun birori da tsofaffin makullai, akwai wani baƙin alƙalami da ƙura ta dusashe, wanda da na juya shi a hannu na ji jikinsa ba mulmulalle ba ne, yana da fuskoki goma sha biyu, a ƙarshen maƙalinsa na aljihu kuma akwai 'yar ƙaramar taya mai juyawa. Na buɗe murfin na goge bakin da gefen hankici, sai ga sunan kamfanin OMAS na Italiya da lamba 750 sun bayyana a ƙarƙashin busasshiyar tawada. A ɗaya gefen kuwa magadan sun keɓe wani alƙalami mai nauyi da ƙyalli a cikin akwatinsa mai shimfiɗar karan-miski, ɗauke da sunan wani babban kamfanin Italiya, har an fara maganar kuɗin da za a ƙiyasta masa; amma ruwan zinaren da ke maƙalinsa ya soma ɓarewa, harufan sunan ba su daidaita ba, kuma a bakinsa babu komai sai rubutun nan na Iridium Point Germany. Na farkon shi ne dukiya, na biyun jabu ne da bai wuce kuɗin cefanen yini ba. Da an tafi a yadda aka faro, da marayu sun yi asarar abin da yake nasu, wani magajin kuma a lissafa masa banza a cikin rabonsa.

Mai son gane alƙalami daga baki zai fara, domin nan ne maƙerin ke sa sunansa, kuma nan ne mai jabu ya fi gazawa. A samu haske mai kyau da gilashin ƙara girman abu irin na masu gyaran agogo. Idan bakin na zinare ne, za a ga 14K ko 585, ko kuma 18K ko 750. Ma'anar 750 ita ce kashi 750 cikin 1,000 na ƙarfen zinare ne tsantsa, wato karat 18 cikin 24, kuma 585 ita ce karat 14. Matanmu masu sayen gwal sun riga mu sanin wannan lamba, tunda ita suke nema a jikin sarƙa 'yar Italiya kafin su biya. Zanen da ke kan bakin asali yakan fito tsaf, layukansa masu zurfi ɗaya, tsagar da ta raba bakin biyu tana tsakiya daidai, kuma 'yar ƙwayar ƙarfe mai tauri da ke can tsinin, wadda ita ce ke taɓa takarda, tana zaune sumul ba karkace. Rubutun Iridium Point Germany kuwa na bakunan gama-gari ne masu arha, kuma manyan gidajen Italiya ba sa sa shi a alƙalumansu na alfarma.

Sai dai a kiyaye abubuwa biyu a nan. Bakin ƙarfe ba alamar jabu ba ne, domin kamfanin Visconti na sa shi a samfuransa na Van Gogh da Rembrandt, haka ma kamfanin Leonardo a yawancin samfurinsa na Momento Zero, kuma kamfanonin Italiya da dama suna sayo bakuna daga Bock ko JoWo na Jamus su buga musu nasu tambarin, alhali Aurora na ƙera nasa da kansa a Turin. Na biyu, gwajin maganaɗisu da wasu ke dogara da shi bai isa hujja ba: gaskiya ne zinare ba ya kama maganaɗisu, amma irin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake yin bakuna da shi, shi ma sau da yawa ba ya kamawa. Ina kuma roƙon kada a kai baki wurin maƙerin zinare ya goga shi a dutse ko ya ɗiga masa ruwan gwaji. Zinaren da ke bakin alƙalami bai cika kai giram ɗaya ba, saboda haka wanda ya cire shi ya sayar a kan sikeli ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma kashe alƙalamin da darajarsa ta ninka haka sau da yawa.

Bayan baki sai zoben murfi da maƙali da sauran ƙarafan ado. Idan na azurfa ne za a ga 925. Dokar Italiya ta wajabta wa maƙeran zinare da azurfa buga wani ƙaramin hatimi mai ɗauke da tauraro, da lambar rajistar maƙerin, da haruffa biyu na lardin da yake: VI na Vicenza, FI na Firenze wato Fulorens, TO na Torino wato Turin, BO na Bolonya, NA na Napoli, MI na Milan. Tauraron ya shigo ne da dokar 1968, don haka duk ƙarfen da ke ɗauke da shi ba a yi shi kafin wannan shekara ba, ko da mai sayarwa ya rantse cewa tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu yake. Hatimin ƙarami ne ƙwarai, sai da gilashi ake karanta shi, kuma masu jabu sukan manta da shi ko su buga shi a dagule.

Daga nan sai sanin gidajen da kansu, domin kowane gida yana da kamanninsa. Aurora, wanda Isaia Levi ya kafa a Turin a 1919, shi ne na fi ba mai farawa shawarar ya sani. An ragargaza masana'antarsa da bama-bamai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya sake tashi, a 1947 kuma ya fito da Aurora 88 wanda Marcello Nizzoli ya zana, domin ya yi gogayya da Parker 51 na Amurka. Tsohon 88 bakinsa a rufe yake sai ɗan tsinin da ya leƙo, yana da tagar ganin tawada, ana cika shi ta murɗa gindinsa, fistin, wato ɗan abin toshin da ke hawa da sauka a cikinsa kamar na sirinji, ya zuƙo tawada, kuma akwai lambar siriyal a wurin da yatsu ke riƙewa; bayansa aka yi 88K da 88P. Sabon 88 na zamanin nan bakinsa a buɗe yake, don haka suna ɗaya ne amma ba abu ɗaya ba ne, kuma farashinsu ya bambanta. Aurora Hastil na 1970, siririn alƙalamin ƙarfe da Marco Zanuso ya zana, har gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyok ya ajiye shi cikin kayansa. Alƙaluman Aurora na yanzu masu fistin, irin su Optima, suna da ɗan ɓoyayyen ma'aji: idan tawada ta ƙare ana tsakiyar rubutu, sai a murɗa fistin har ƙasa, ragowar ta sauko ta isa a kammala shafi. Bakin Aurora yana ɗan kama takarda, ana jin sautin tafiyarsa, kuma wannan halinsa ne, ba lalacewa ba ce da za a kai shi a goge.

Montegrappa ya fara a 1912 a garin Bassano del Grappa da ke lardin Vicenza, da farko da sunan Elmo, kuma wannan shekara ta 1912 ita ce yake bugawa a saman murfin alƙalumansa da yawa. Ya shahara da aikin azurfa da jiki mai fuska takwas. Rukunin Richemont ya saye shi a 2000, sannan ya koma hannun iyalin Aquila a 2009. Shi ne gwanin fitar da alƙaluma masu ƙayyadajjen adadi, kamar mai siffar dodo na 1995 da wanda aka yi don girmama ɗan damben nan Muhammad Ali. Ni dai a ganina yawancin irin waɗannan sun yi nauyin da hannu ba zai jure rubuta shafi biyu da su ba, kuma na fi daraja alƙalamin da aka yi don rubutu a kan wanda aka yi don a sa a gilashi a kalla. Amma wannan ra'ayina ne, kasuwa kuwa tana biyan su da tsada.

OMAS shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, saboda a nan ne ruɗani ya fi yawa. Armando Simoni ya kafa shi a Bolonya a 1925, kuma haruffan nan huɗu taƙaitawa ce ta sunan masana'antarsa. A 1932 ya fito da jiki mai fuska goma sha biyu, wanda ya ɗauko daga fasalin ginshiƙan gine-ginen Girka na dā, ya kuma zama alamar gidan har ƙarshensa a samfura irin su Paragon da Milord. Wannan fasali ba ado kaɗai ba ne, domin yana hana alƙalami gangarowa daga tebur, yana kuma zama daram tsakanin yatsu. Sauran alamomin gidan su ne zoben murfi mai zanen layi mai lanƙwasa-lanƙwasa irin na Girkawa, da zanen kibiya a kan baki, da tayar nan ta ƙarshen maƙali wadda ke sa ya shiga aljihu ba tare da ya ci yadi ba. Tayar kaɗai ba ta isa shaida ba, tunda Montegrappa da Delta da Leonardo duk suna sa irinta. Sai an haɗa ta da sauran. A 1996 OMAS ya fito da 360 mai jiki kusurwa uku, wanda ba ya ɓacewa ga duk wanda ya taɓa ganinsa. Rukunin LVMH na Faransa ya sayi kamfanin a 2000, ya sayar wa wani rukuni na Hon Kon a 2007, sannan a farkon 2016 aka rufe shi.

Rufewar nan ita ta haifar da abin da mai saye ya kamata ya yi hattara da shi. Ragowar sandunan seluloyid na OMAS, wato wata irin roba mai tsada da ake feƙe jikin alƙalami daga cikinta, ciki har da Arco mai ruwan ƙasa da zinare wanda layukansa ke sauya haske idan ana juya shi, sun koma hannun wasu, aka ci gaba da yin alƙaluma da su a ƙarƙashin sunan Armando Simoni Club, ko ASC a taƙaice. Wasu tsofaffin ma'aikatan OMAS kuma suka kafa Scribo a Bolonya a 2016. Daga baya sunan OMAS kansa ya dawo kasuwa a hannun sababbin masu shi. Duk waɗannan halal ɗin kaya ne, babu jabu a cikinsu, amma ba su ne OMAS na kafin 2016 ba, kuma masu tarawa suna bambanta su wajen farashi. Wanda aka ce masa ga Arco, to ya duba sunan da ke zoben murfi da na baki kafin ya yarda da kuɗin da aka faɗa masa.

Visconti yaro ne a cikinsu, domin a 1988 Dante Del Vecchio da Luigi Poli suka kafa shi a Fulorens, amma shi ne ya fi saurin ganewa. Maƙalinsa lanƙwasasshe ne, an kwaikwayo bakan gadar Ponte Vecchio ta birnin, da sunan VISCONTI a gefensa. Samfurinsa mai suna Homo Sapiens na 2010 an yi jikinsa da garin dutsen Etna mai aman wuta na tsibirin Sisili, fiye da rabi, aka gauraya da roba. Baƙi ne marar ƙyalli, yana ɗan tsotse gumin hannu, taɓinsa kamar na bayan sabuwar tukunyar ƙasa. Murfinsa ba a warware shi kamar noti, ana ɗan danna shi ne a juya kaɗan ya fita. Na farkon fitowa bakinsu ba zinare ba ne, na wani farin ƙarfe mai daraja ne da ake kira faladiyam, an rubuta 23k Pd 950, daga baya kamfanin ya koma zinare karat 18, kuma wannan kaɗai yana nuna wa mutum zamanin da aka yi wanda ke hannunsa. Adon tagulla da ke jikinsa yana duhu da daɗewa, haka aka yi shi. Na jabu yakan zo da jikin roba mai santsi da ƙyalli, ko fentin da farce ke iya kankarewa.

Delta, wanda aka kafa a yankin Napoli a 1982, an san shi da Dolcevita mai jiki ruwan lemo da baƙin murfi, kuma a jerin da ya yi na girmama al'ummomin duniya akwai wanda ya sa wa sunan Tuareg, wato maƙwabtanmu Buzaye. Ya rufe a 2017, sunan ya sake dawowa bayan 'yan shekaru, kuma ɗan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Salvatore Matrone, shi ya buɗe Leonardo Officina Italiana. Akwai kuma Tibaldi na 1916 da Stipula, dukansu 'yan asalin Fulorens, da Pineider wanda ya fara da sayar da takardu tun 1774. Montblanc dai, da mutanenmu ke kira da sunan kowane alƙalami mai tsada, na Jamus ne.

Abin da ya fi fifita alƙaluman Italiya a idon masu tarawa shi ne kayan da ake yin jikinsu da shi, musamman seluloyid. Ana samun sa ne daga auduga da aka sarrafa da ruwan asid aka haɗa da kafur, kuma sandunansa sai sun yi watanni suna bushewa kafin a iya feƙe su a injin, shi ya sa yake da tsada kuma masu yin sa suka yi ƙaranci. Launinsa yana da zurfi, ido na shiga cikinsa, ba a saman jiki kaɗai yake ba. Hanyar gwada shi mai sauƙi ce: a goga jikin da babban yatsa har ya ɗan yi ɗumi, ko a shinshina cikin murfin, za a ji ƙamshin kafur. Rashin ƙamshin ba ya nufin jabu, domin mafi yawan na zamani da robar akirilik ake yin su, amma wanda aka sayar maka da sunan seluloyid ya kamata ka nemi wannan shaida. Kada kuma kowa ya gwada shi da allura mai zafi ko ashana kamar yadda ake gwada wasu duwatsun ado, domin seluloyid yana kamawa da wuta nan take. Ebonait kuwa taurarriyar roba ce da aka dafa da farar wuta, da ita ake yin harshen da ke ƙarƙashin baki mai sarrafa saukar tawada a alƙaluma masu kyau, wani lokaci har da jikin gaba ɗaya. Idan aka goga ta tana warin taya, rana da daɗewa cikin ruwa kuma suna mayar da baƙinta ruwan ƙasa.

Lambar da ake bugawa a kan masu ƙayyadajjen adadi, wadda ke nuna na nawa ne cikin nawa, ita ma a karanta ta da hankali. Tana ƙara daraja idan ta dace da wadda ke takardar shaidar da ke cikin akwati, amma mai jabu ma ya iya buga lamba, kuma akwati ya fi alƙalami sauƙin kwaikwaya. Haka nan abin da aka yi guda dubu biyu ba za a kira shi mai wuyar samu ba don kawai an sa masa lamba. Sababbin alƙaluman waɗannan gidaje masu bakin zinare ɗaruruwan daloli ake sayar da su, wasu dubbai, saboda haka wanda aka tallata masa sabo fil a Facebook ko WhatsApp da kuɗin da bai kai na takalmi ba, ya riga ya san amsar.

Gane alƙalami bai wadatar ba idan yanayinmu zai cinye shi, kuma an yi waɗannan kaya ne a ƙasar da ba ta san bazarar Birnin Kebbi ba, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Alƙalamin da aka bari a mota a rufe da rana zai iya lanƙwashewa. Iskar da ke cikin ma'ajin tawada tana buɗewa da zafi ta turo tawada waje, wanda shi ne dalilin tabon da ake gani a aljihun farar shadda. Maganinsa shi ne a riƙa cika alƙalamin, a kuma ajiye shi baki sama. Turaren fesawa da muke yi wa ƙirjin riga yana ɗauke da sinadarin da ke cin seluloyid, haka ma man wanke hannu na sanitaiza, don haka a fesa turare ya bushe kafin a maƙala alƙalami. Hunturu kuma yana busar da abin toshin fistin na tsofaffin alƙaluma, wanda da ɓawon itace ake yin sa, har tawada ta riƙa yoyo ta baya. Idan fistin ya ƙafe kada a murɗa shi da ƙarfi. A tsoma bakin kaɗai a ruwa mai tsabta marar zafi, a yi haƙuri, domin yawancin waɗanda na ga sun karye a hannun mai gaggawa suka karye. Seluloyid yana son inuwa da iska, ba a ƙulle shi a leda, kuma wanda ya fara tsattsagewa ko canza launi a ƙarshensa a raba shi da sauran, saboda tururin da yake fitarwa yana sa ƙarafan maƙwabtansa tsatsa.

Maganar tawada ita ce ta fi ba ni tsoro a wannan yanki namu. Tawadar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro ta dace da alƙalamin gamba, wanda ake tsomawa a kurtu a kuma wanke, amma idan ta shiga alƙalami mai shan tawada ƙaron zai daskare a cikin siraran hanyoyin harshen ya toshe su. Haka tawadar hatimi da ta firinta. A nemi wadda aka yi domin irin wannan alƙalami, kamar Quink ta Parker ko Pelikan 4001 ko ta Aurora, a kuma ɗauraye shi da ruwa idan za a sauya launi ko za a ajiye shi ya daɗe.

Na san akwai mai cewa wannan duk almubazzaranci ne a lokacin da mutane ke fama da abin sawa a baki, kuma ban raina wannan magana ba. Ban rubuto don in kwaɗaitar da kowa ya ci bashi ya sayi alƙalami ba. Abin da nake kira a kai shi ne wanda ya riga ya shigo hannunmu a san shi, a kimanta shi daidai, kada ya lalace a banza. Hukuncin namiji ya yi amfani da baki na zinare ko adon azurfa kuwa magana ce ta malamai, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da na ƙarfe da na faladiyam. Mu a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi ta rubutu har rasuwarsa a 1829, ba baƙi ba ne ga kula da kayan rubutu, kuma har yau akwai alarammomin da ke duban fiƙar alƙalami su faɗi ko hannun gwani ne ya yi ta. Irin wannan idon ake buƙata a nan, kuma ina ganin mai tara na Italiya ya kamata ya ajiye alƙalamin gamba da kurtun gidansu a jere da su.

Ga wanda ke son fara tarawa, ya zaɓi gida ɗaya ko zamani ɗaya ya san shi sosai kafin ya faɗaɗa, domin wanda ya riƙe Aurora na asali ya yi rubutu da shi wata guda ba zai ruɗu da na jabu ba. Ya buɗe littafi ya rubuta sunan kowane alƙalami, da abin da ke rubuce a bakinsa da zobensa, da faɗin bakin ko EF ne ko F ko M ko B, wato daga mafi siriri zuwa mai faɗi, da yadda ake cika shi, da inda ya same shi da abin da ya biya, ya kuma adana akwati da takardu. Wannan littafi shi zai fitar da magadansa daga duhu ranar da ba ya nan. Ga malamai da alƙalai da dattawan da ake kira rabon gado, ina roƙon su riƙa ware duk alƙalamin da ke da buɗaɗɗen baki su ajiye har a sami wanda ya san shi ya duba, kamar yadda ake yi wa agogo da zobe.

A ƙarshe ina roƙon ku, ya Edita, idan da hali, ku ware ɗan gurbi a shafin wasiƙu inda masu karatu za su riƙa aiko da hoton alƙaluman da suka gada domin masu sani su taimaka da bayani. Hotuna uku sun isa: na baki daga kusa yadda za a iya karanta rubutunsa, na zoben murfi da maƙali, da na alƙalamin gaba ɗaya a kwance kusa da rula a cikin hasken rana na inuwa. Ni a shirye nake in amsa abin da ya shafi Aurora da OMAS ta hannunku, ba tare da an biya ni komai ba.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Wani tsohon malamin makaranta,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.